Yadda Tafinta Ya Taya Ni Cinikin Kwanon Rufi

Kowace mace da irin gadon da ake bar mata. Wata gona, wata shago. Ni da mijina ya rasu, Allah ya jiƙansa, gida mai yoyo ya bar mini da ƙaninsa mai surutu. A cikin biyun nan yoyon ya fi sauƙi, don shi yana da lokacinsa.

Tafinta muke ce wa ƙanin nasa. Wata huɗu ya taɓa yi yana bin babbar mota, yana loda buhu yana saukewa, kafin direban ya gaji da bakinsa ya ajiye shi a hanya. Wata huɗun nan su ne jarinsa har gobe. Ya dawo ya ce ya zaga duniya, babu bakin da bai ji ba. Wai ka yi masa kalma uku kawai, zai gaya maka inda aka haife ka da halin kakanka. Kullum yana zaune a ƙofar gida yana yanke wa masu wucewa hukunci.

"Masu jan magana kamar ana jan guga, ragwaye ne, ka cuce su ka yi barcinka. Masu yi da sauri suna cinye ƙarshen kalma, riƙe aljihunka. Masu fito da ita ta hanci kuwa, ko ruwan sha ba sa bayarwa. Ke ma matar yaya, shekara talatin kina nan, har yanzu ƙauye na leƙowa ta bakinki."

Na ce, "Abincin da kake ci ma hannun ƙauyen ne ya dafa, ban ga ka ajiye cokali ba."

Ba ƙarya ya yi ba, ina jan magana. In na shiga kasuwa ma ƙara ja nake. Mai kaya ya ji ni, ya gyara zama, ya ce ga tsuntsu daga sama gasasshe. Sai ya saki jiki. In bar shi da raininsa, in tafi da kayansa a rabin abin da ya faɗa. Wannan ban taɓa gaya wa Tafinta ba, ba a ba wawa aron wuƙa.

To, damina uku ɗakina yana zuba. Bara har silin ya rufto a kan akwatina. Kafinta ya hau ya duba, ya sauko yana kaɗa kai. Ya ce kwanon ya zama rariya, faci ba zai yi ba, in ruwan bana ya sauka a haka bangon ma bin sa zai yi. Sabon kwano ya fi ƙarfina, kuma na yanzu kamar takarda yake. Sai na ji Mai Kwano na bayan kasuwa ya sayo rufin wani tsohon sito da aka rushe, falle ashirin da huɗu, mai kauri irin na da.

Sati uku ina zarya. In je, in ƙwanƙwasa falle ɗaya, in taɓe baki, in ce tsatsa ta gama da shi, in juya. Ya kira ni in ƙi waiwayowa. Sau biyu yana saukowa, saura taki ɗaya mu haɗu. Amma mai gidan burodi shi ma ya ƙyalla ido, yana so ya rufe rumfar itacensa. Kafinta kuma ya ce Laraba kaɗai yake da sarari, daga nan zai tafi wani gini sai bayan wata guda. Ga hadari ya fara leƙowa duk yamma.

Ranar Talata da safe ina yafa mayafi, sai ga Tafinta ya fito da hularsa ta fita unguwa.

"Matar yaya, sati uku kina wahalar da ƙafa a kan abin da zan gama kafin shayi ya huce. Ciniki da baki ake yinsa. Mutum duk taurinsa, in ya ji bakin garinsu zuciyarsa narkewa take yi. In saurare shi, in gane inda ya fito, in yi masa irin tasu. Kyauta ma sai ya ba ki."

"Zauna ka tsare gida."

"Wa zai ɗauko miki kayan?"

Nan ya kama ni. Falle ashirin da huɗu ba na ɗaukar mace ɗaya ba ne. Na ce ya zo, amma da hannu na gayyace shi, ba da baki ba. Telan da ke ƙofar gidanmu yana jin mu. Ya ajiye almakashi, ya ja ƙyauren shagonsa.

"Inna, yau ba zan yarda a ba ni labari ba."

Ko kan kwana ba mu kai ba aka fara. A teburin mai shayi wani magidanci da jaka a kafaɗa yana tambaya ko mai gyaran rediyo ya tashi daga layin. Tafinta ya tsaya cak, ya ɗaga yatsa ɗaya, ya rufe ido kamar mai ɗanɗana miya.

"Gabas. Can gabas mai nisa. Kun ji yadda ya lanƙwasa ƙarshen maganar? Bawan Allah, kwana nawa ka yi a mota?"

Mutumin ya dube shi sama da ƙasa.

"Kawu, ni ne fa, ɗan mai wanki. Kai ka koya mini keke har ka karya mini hannu. Shekara biyu kawai na yi ba na nan."

Tafinta bai ko ƙifta ido ba. "Ai na sani, gwada ka nake. Amma uwarka 'yar gabas ce, a nono ka sha."

Tela ya ce, "Ƙwarai kuwa. Gabashin kwatar nan."

Mai shayi ya ƙware da dariya har madara ta zuba. Na yi gaba abina.

A bakin kasuwa na tsaya wurin mai ƙusa, don Kafinta ya ce in taho da ita. Shi wannan da gaske baƙo ne, daga wajen bakin kogi ya zo, maganarsa da sauri kamar ana watsa tsakuwa a faranti. Mun daɗe da sanin juna. Ya zuba mini a sikeli, har ya ƙara ɗan tafin hannu. Ina kwance bakin zani sai na ji wata gaisuwa ta fito daga bayana a guje, rabinta a cinye. Tafinta ne ya aro bakin mutanen kogi.

Abin mamaki, fuskar mai ƙusa ta washe. Ya jawo benci.

"Ashe ɗan gida ne. Zauna mana. Wane gari?"

Tafinta ya ƙifta mini ido, ya zauna ya ɗora ƙafa kan ƙafa. "Ai naku."

"Ikon Allah. Wace unguwa?"

"Ta wajen babbar bishiyar nan."

"Tsamiya ko kuka?"

"Tsamiya."

"Gidan da ke gindin tsamiyar?"

"Shi fa. Kakana ne ya dasa ta."

Mai ƙusa ya miƙe. Ya ɗauki sikelin a hankali, ya juye ƙusata cikin buhu, har da ta kyautar.

"Shekara goma sha ɗaya muna shari'ar gona da ku. Da baƙin cikinku ubana ya mutu."

"Af, kukar nake nufi. Bakina ne ya zame."

"Gindin kukar maƙabarta ce. Tashi mini daga benci."

Bai jira ya tashi ba, ya fizge bencin. Na ce ni ba ruwana da gonarsu, ko kogin ban taɓa gani ba. Ya ce wanda ya zo da maƙiyi ba masoyi ba ne. Muka bar wurin babu ƙusa ko ɗaya. Tafinta yana kakkaɓe rigarsa yana murmushi.

"Kin dai gani da idonki. Ya yarda ni ɗan garinsu ne. Kunnena ba ya ƙarya."

Na ja shi gefe na riƙe masa hannun riga. Na ce, "Saurara. Ƙusa ko'ina akwai. Kwanon nan guda ne a garin nan. In muka isa ka zama bango. Ko atishawa ta zo maka, haɗiye ta."

Ya rantse da kabarin yayansa. Tela ya ce shi shaida ne.

Muka sami Mai Kwano a zaune kan kujerarsa, ya naɗe wuya da tawul har haɓa, ya jingina kai da bango. Na yi sallama. Ya amsa ta gefen baki ɗaya, maganar a dunƙule kamar mai tauna tsumma. Ni da na yi sati uku ina kallon fuskar nan, nan take na gane ba shi da lafiya, kuma ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. Mai ciwo ba ya son dogon ciniki. Na yi masa sannu sau biyu, na ja maganata yadda na saba, na faɗi abin da zan bayar, ban ƙara ko sisi a kan na jiya ba. Ya dubi kwanon, ya dube ni, ya sauke numfashi. Hannunsa ya fara tasowa. Wanda ya san kasuwa ya san hannun nan. Hannun sallama kaya ne.

Sai na ji iska mai ɗumi a kunnena.

"Matar yaya, ɗan kan dutse ne."

"Rufe mini baki."

"Can ƙurya, inda mota ba ta zuwa. Su ne ke magana baki a karkace. Na kwana biyu a garinsu."

"Jiya bakinsa a miƙe yake."

"Jiya ɓoyewa yake yi. Yau ta gida ta fito. Kin yi masa tsada ma, bari ki gani."

Kafin in taka masa ƙafa ya wuce ni. Ya tsaya gaban Mai Kwano, ya cusa harshe cikin kumatu ɗaya, ya karkace leɓe, ya saki wani gurnani mai kama da gaisuwa. Hannun Mai Kwano ya tsaya a sama. Ya buɗe idon da ya lumshe, ya yi wata magana a dunƙule, ina jin cewa ya yi, me ka ce? Tafinta ya maimaita masa ita daidai, ya ƙara karkacewa, har da kama haɓa yadda ya ga yana yi. Mai Kwano ya yi nishi. Tafinta ma ya yi nishi, ya juyo ya dube ni, wai in ga gwaninta.

Mai katako na rumfar kusa ya ajiye zarto ya matso. Masu turin kura suka bar inuwa. Mai gidan burodi, wanda ashe tun ɗazu yana rakuɓe yana jiran in gama, shi ma ya leƙo.

Mai katako ya ce, "Malam, lafiya? Me kake yi haka?"

Tafinta ya mayar da bakinsa daidai, ya juya ga jama'a kamar mai wa'azi.

"Ku ba za ku gane ba, ba ku fita ba. Wannan bakin mutanen kan dutse ne. Sanyi ne ya yi musu yawa, shi ya sa ba sa buɗe baki duka. Mutanen kirki ne, sai dai kansu bai waye da ciniki ba. In ka yi musu irin tasu, ko rigar jikinsu sai su ba ka."

Mai Kwano ya miƙe tsaye. Ya sa yatsa biyu a baki, ya zaro wata dunƙulen auduga jajir da jini, ya ɗaga ta daidai hancin Tafinta.

Mai katako ya ce, "Haƙori biyu aka cire masa da safen nan. A bayan kasuwar nan aka haife shi, tare muka yi wasan ƙasa. Ko tudun shara bai taɓa hawa ba, balle dutse."

Mai hankali a nan zai nemi ƙasa ta tsage. Tafinta ya leƙa audugar, ya gyaɗa kai.

"To ku bincika. Likitan da ya cire ɗin, ɗan kan dutse ne."

Kasuwa ta ɗauka da dariya. Tela ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki. Masu turin kura suka shiga gaisa da juna baki a karkace, wannan ya yi gurnani wancan ya amsa. Kafin ka ce me, layin nan duka, daga mai fenti har mai igiya, kowa ya cusa harshe a kumatu yana tambayar ɗan'uwansa ya sanyin kan dutse. Da Tafinta suke, amma fuskar Mai Kwano suke kwaikwaya, kuma yana tsaye yana kallo da kumburarren kunci.

Na ga abin zai kwaɓe. Na ce, "Mai Kwano, ni ban san wannan mutumin ba. A hanya ya biyo ni."

"Haba matar yaya."

Na ce, "To na san shi, amma ba ni na haife shi ba. Kai ma kana da dangi, ka san ba zaɓa ake yi ba. Ka dubi Allah, ka dubi hadarin can."

Bai dube ni ba. Ya yafito mai gidan burodi, ya nuna masa kwanon, ya nuna masa kuɗin da yatsu. Na ga yatsun. Ƙasa da abin da na taya ne. Ni da ban taɓa ƙara wa mai kaya da bakina ba, ranar na ƙara. Na sake ƙarawa. Har jan maganar na manta, ta riƙa fita da gudu kamar ta mai ƙusa. Mai Kwano ya dafe kunci, ya tattaro ƙarfinsa, ya fito da kalmomin ɗaya bayan ɗaya don kowa ya ji.

"Ko ninki biyu, Inna. Ki je ɗan'uwanki ya rufa miki da baki."

Ina tsaye aka loda falle ashirin da huɗu a kura. Mai gidan burodi har da yi mini sai an jima.

Muka kama hanyar gida. Tafinta ya ce dama kwanon akwai tsatsa, Allah ne ya tsare ni. Ya ce kasuwar nan cike take da masu ɓoye asalinsu. Tela ya ce ya yi shiru haka nan, cikinsa ya gaji. Da muka shiga gida na tsaya a tsakar gida na ɗaga kai ina duban hadari. Idona ya sauka a kan ɗakin Tafinta da rumfar da yake shan iska a ciki. Mijina ne ya rufa masa su shekara guda kafin ya rasu, da kwano mai kauri, ko ɗigon tsatsa babu. Na daɗe ina kallo.

Laraba da safe Tafinta ya sa hula ya tafi teburin mai shayi ba da labarin yadda ya tona asirin Mai Kwano. Kafinta ya iso da tsani. Na nuna masa inda zai fara. Ya dube ni, ya dubi ɗakin.

"Inna, ya sani?"

"Zai sani."

Ya ce to ƙusa fa? Na ce ta jikin kwanon ya zare a hankali, a miƙe ta da guduma. Kafin hantsi kwanon rumfar ya koma kan ɗakina, rabin ɗakin Tafinta yana kallon sama. Sai ga shi ya shigo. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya ga rana kwance a kan katifarsa.

"Wayyo Allah, matar yaya, me na yi miki? A ina zan kwana? Ruwa fa zai sauko."

Babu lanƙwasa, babu gurnani, babu sauri irin na kogi. Tela ya leƙo ta kan katanga.

"Ashe yana da bakin kansa."

Na ce, "Gidan mijina ne, kwanon mijina ne. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa."

"Ki bar mini rabi."

"Ɗaya."

"Ɗaya ko kaina ba zai rufe ba. Shida."

"Kafinta, ci gaba."

"Huɗu. Don darajar yaya, huɗu."

Na ƙwanƙwasa fallen da ke jingine kusa da ni, na taɓe baki, na juya zan shiga ɗaki. Ya biyo ni da gudu yana kama bakin mayafina.

Muka shirya a biyu, daidai tsawon katifa in ya naɗe ƙafa. Na yi ciniki da mutane iri-iri a duniyar nan, ban taɓa samun mai saurin saukowa kamarsa ba. Kafinta yana buga ƙusar ƙarshe a kan ɗakina aka fara yayyafi.